Falmata da Garkar Ba Kolo

A kudancin Haɗeja, idan mutum ya bar gari ya gangara wajen kogi, akwai wata tsohuwar garka da ake kira Garkar Ba Kolo. Mai sunan ya daɗe da rasuwa. Falke ne, iyayensa daga wajen Tafkin Cadi suka taso, shi kuma ya samu abin hannunsa a safarar kanwa da fatu zamanin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Nguru. Duk inda fatauci ya kai shi sai ya dawo da wani iri a cikin kayansa: dabino daga hannun Buzaye, ƙwallon mangwaro daga kudu, rumman, ɓaure, lemun tsami. Ya kewaye wurin da katangar ƙasa, ya gina rijiya da jan bulo, ya jera lalle a gefen hanyoyi. Tsofaffin gari suna cewa a da, baƙo mai daraja ba ya barin Haɗeja ba a kai shi ya sha inuwa a can ba.

Malama Falmata jikarsa ce, ita ce babba a cikin 'ya'ya tara. Ta yi karatun koyarwa, ta auri Malam Adamu malamin dabbobi, ta bi shi Birniwa, inda ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan firamare. Waɗanda suka bi ta hannunta sun san halinta: ba ta ɗaga murya, ba ta kuma janye magana. Da mijin ya rasu, ritayarta kuma ta zo, sai ta tattara kayanta ta dawo gidan mahaifinta a shekarar 2019.

Ta tarar garkar tana hannun Ba Modu, dattijon da yake kula da ita tun mahaifinta yana raye. Ya haura saba'in, gwiwa ta fara ƙin yarda, abin da yake iyawa kawai shara da ban ruwan abin da ke kusa da rijiya. Falmata ta fara zuwa kullum da safe, da farko don ta rage zaman gida, daga baya don ba ta iya ƙin zuwa.

Damina ta gaba sai ambaliya ta zo. Kogi ya tsallake gaɓa, ya kwantar da katangar da ke fuskantarsa, ya shiga garkar ya zauna kwana arba'in da uku. Da ya janye, lemun tsami duk sun bushe in ban da guda ɗaya, rumman sun tafi, lalle ya ruɓe, ƙasa tana wari. Dabino da manyan tsamiya da wasu mangwarori ne suka tsaya, kowanne da zoben laka a jikinsa daidai ƙirjin mutum.

Ba a yi wata ba ƙanenta Abdulganiyyu, wanda ke aiki a Kano kuma shi magada suka wakilta, ya kira ta a waya. Ya ce an samu wani mai son wurin, zai share shi ya gina ma'ajiyar shinkafa.

"Yaya, garkar nan ta mutu," in ji shi. "Gara mu rabu da ita tun ana so."

"Ka zo ka gan ta?"

"An turo mini hotuna."

"To ni a cikinta nake tsaye yanzu. Dabino ashirin da shida suna da rai, na ƙirga su da hannuna. Ka gaya wa mutumin ya nemi wani wuri."

Suka yi ta ja har mako uku. Daga ƙarshe Abdulganiyyu ya yarda a ba ta shekara biyu ta gwada, amma da sharaɗi: zai turo wadda ta karanci aikin, za ta riƙa zuwa tana ba da shawara, kuma sai an saurare ta. Falmata ta ce a turo ta.

Wadda ta zo sunanta Kamila, 'yar Kano, shekarunta ba su kai talatin da biyar ba. Aikinta tsara lambuna da wuraren shaƙatawa: ta auna fili, ta zana inda hanya za ta bi, inda itace zai tsaya, inda ruwa zai gudu. Ta durƙusa ta gaida Falmata, ta gaida Ba Modu, ta zagaya garkar na awa biyu tana ɗaukar hoto, ta koma. Bayan kwana goma ta dawo da babbar takarda a naɗe, suka baje ta a kan tabarma a ƙarƙashin tsamiya.

Zanen ya yi kyau, Falmata ba ta musa ba. Ga faffaɗan fili na ciyawa kore a tsakiya, ga hanyoyi miƙaƙƙu na siminti, ga wurin zama, ga furanni layi-layi. Ta ɗauko tabarau, ta zaro jan biro daga jakarta kamar yadda ta saba yi wa littafin ɗalibai.

"'Yata, wannan koren menene?"

"Ciyawa ce, Mama. Irin wadda ake shimfiɗawa, a riƙa aske ta."

"Wa zai ci ta?"

Kamila ta yi murmushi. "Ba ta ci ba ce, ta ado ce."

"A watan Afrilu sau nawa za ta sha ruwa a rana? A watan Satumba kuma kwana nawa za ta iya yi a ƙarƙashin kogi?"

Falmata ta miƙe ta ce Kamila ta biyo ta. Ta kai ta gindin dabino ɗaya bayan ɗaya tana nuna mata zoben laka. Ta nuna mata inda ruwa ya fara shigowa, da inda ya makale bayan ya bar ko'ina. Ta ce, "Ni ban san zane ba. Amma wannan da kika kawo, a Kano za a yi shi. Ki zo ki kwana uku a gidanmu, ki ga wurin da safe, ki gan shi da rana tsaka, ki zauna da Ba Modu. Sannan ki sake."

Ba Modu ya ɗauka yarinyar ba za ta dawo ba. Ta dawo ranar Asabar da 'yar jakar kaya da na'urar awon ƙasa mai ƙafa uku. Ta sauya takalmi, ta shiga aiki. Kwana huɗu ta yi maimakon uku, tana kafa na'urar tana rubutu, tana haƙa ƙananan ramuka tana murza ƙasar a yatsu. A rana ta huɗu ta sami Falmata a bakin rijiya, fuskarta duk gumi.

"Mama, tsofaffin itatuwan nan ba a kan ƙasa ɗaya suke ba. Kowane layin dabino a kan tudu yake, an ɗaga shi da gangan. Can gabas kuwa, inda mangwarorin nan goma sha huɗu suke, ƙasar ba ta wurin ba ce. Ciko ne. Na haƙa na tarar da baƙar laka a ƙasa. Akwai rami babba a wurin a da."

Aka kira Ba Modu. Ya dubi wurin. Ya ce ƙwarai, akwai tafki, Ba Kolo ne ya haƙa shi, da wata kwata da ta fita ta bayan garkar zuwa fadama. Ruwa in ya shigo a nan yake taruwa, in kogi ya sauka ya bi kwatar ya fice. A shekarun fari, da aka yi ta jiran ambaliya ba ta zuwa, mahaifin Falmata ya ga ramin zaune a banza, ya sa aka cike shi ya dasa mangwaro.

Falmata ta tuna. Tana 'yar shekara goma sha biyu lokacin, ita ta riƙa ɗauko ruwa a tulu tana zuba wa dashen kafin ta tafi makaranta. Ramin ne ba ta taɓa tambayar amfaninsa ba.

"To me kike so a yi?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta gane.

"A sare su, a sake haƙa tafkin, a buɗe kwatar. In ba haka ba, duk abin da muka dasa ruwa zai zauna a kansa." Kamila ta sunkuyar da kai. "Na san na Baba ne. Amma ban ga wata hanya ba."

"Je ki ci abinci," in ji Falmata.

Ta kwana tara ba ta ba da amsa ba. Kullum sai ta je ta zagaya mangwarorin, ta ɓare ɓawo ta duba, ta ɗaga kai ta kalli ganye. Rabinsu sun fara rawaya daga sama, saiwarsu ta sha ruwa ta gaji. Ta ji haushin yarinyar, ta ji haushin kogin, har ta ɗan ji na mahaifinta, ta yi istigifari. A rana ta goma ta kira Kamila a waya.

"Za a sare. Amma ba za a sa gatari ba sai kin koya mini auren itace. Ina son irin Baba ya zauna a garkar nan."

Haka aka yi. Kamila ta kawo ƙananan dashen mangwaro talatin, da wuƙa mai kaifi da leda ta ɗauri. Ta nuna mata yadda ake yanko reshe daga tsohon itace, a fiƙe shi, a tsaga ƙaramin, a haɗa su a ɗaure. Goman farko da Falmata ta yi, biyu ne suka kama. Ta yanke yatsa sau uku. Ta sake, ta sake, har hannunta ya faɗa, sha tara suka tsira. Ranar sara ba ta ɓuya a gida ba. Ta tsaya da lema daga itacen farko har na goma sha biyu, don Kamila ta sake aunawa ta ce biyu na gefe za su iya zama.

Wajen haƙa ma sai da suka saɓa. Kamila ta so a kawo motar haƙa a gama cikin kwana uku. Falmata ta auna ƙofar da idonta, ta dubi saiwar tsamiya da ta ratsa hanya, ta ce motar ba za ta shigo ba. Ta aika garin Kafin Hausa aka kawo mata maza sha biyu masu aikin rani, da diga da shebur da kwando. Wata biyu suka yi. Ita ce take buɗe ƙofa bayan sallar asuba, ita take rufewa. Ƙasar da aka fitar, Kamila ta nuna inda za a zuba ta a ƙara wa tudun dabino tsawo, a yi sababbin tuddai na lemo da rumman. Hanyoyin siminti suka fita daga zane, aka bi tsofaffin hanyoyin Ba Kolo aka zuba tsakuwa, aka sake jera lalle.

Saura katangar bakin kogi. A nan Kamila ta dage. Ta ce kada a sake gina ta, don ruwa ba ya tsallake katangar ƙasa, jiƙa ta yake ya tura. A dasa jema, ciyawar fadama mai doguwar saiwa, layi uku, a bayanta a yi shingen bagaruwa. Ruwa ya shigo a hankali ya fita a hankali.

"Garka ba katanga?" in ji Falmata. "Kowa ya wuce ya leƙo, kowace akuya ta shigo? Kakana da katanga ya bar ta."

"Mama, a zamaninsa ba haka kogin yake zuwa ba."

"Ki dasa jemarki. Ni kuma zan yi katangata a bayanta."

Kamila ta rubuta a takardar shawararta cewa ba ta yarda ba, ta ba ta ta karanta. Falmata ta karanta har ƙarshe, ta gyara mata kuskuren rubutu guda, ta sa aka kwaɓa ƙasa. Katangar ta tashi da kauri, ta yi kyau. Don ta kare dashen mangwaron Baba daga iska da awaki, sai ta jera goma sha ɗaya daga cikinsu a jikinta.

A damina ta 2022 ruwa ya dawo, kuma ya fi na baya. Mutanen gari suka fita ɗaura jinga da buhunan ƙasa, masallatai suna ta addu'a. Falmata ta kwashe abin da za ta iya ta kai tudu, amma ruwan ya riga ta zuwa bakin kogi. Da hantsi, tana tsaye a kan tudun rijiya ruwa har idon sawu, ta ji wani nishi mai nauyi, ta juya ta ga katangar ta kwanta gaba ɗaya a kan dashen. Ba Modu ya yi salati. Ita kuwa ta kama hannunsa ta fitar da shi.

Da ta isa gida ta kira Kamila.

"Katangar ta faɗi. Ta danne sha ɗaya. Ke kika faɗi gaskiya, ni na ƙi ji."

"Innalillahi. Mama, ke dai lafiyarki ƙalau? Ba Modu fa?"

"Lafiyarmu lau. Takwas na kan tudu suna nan, biyun gefe ma suna nan, akwai inda za mu yanko reshe. Ki shirya, da hanya ta buɗe ki zo."

Wannan karon ruwan bai zauna ba. Ya taru a tafkin, da kogi ya fara sauka sai ya bi kwata ya nufi fadama. Falmata tana zuwa kullum da sanda tana cire shara da ta toshe bakin kwatar, zani a ɗaure har gwiwa, maƙwabta suna cewa Malama ki bari mana, tana cewa sannunku. Kwana goma sha biyu ƙasa ta fito. Lemo na kan tudu ba wanda ya mutu. Jemar da Kamila ta dasa ta kwanta, ta sake miƙewa, ta riƙe gaɓar ba ta zaizaye ba.

Abdulganiyyu ya zo da kansa bayan wata guda, shekara biyun da ya bayar sun cika. Ya shigo da fararen kaya, ya fita da laka har gwiwa. Ya ga tafkin, ya ga tarin ƙasar katanga, ya tsaya a inda mangwarorin mahaifinsu suke a da.

"Yaya, ke kika sa aka sare itatuwan Baba?"

"Ni ce. Zo ka ga 'ya'yansu."

Ta kai shi ta nuna masa takwas ɗin, kowanne da tabon ɗauri a gindi. Ta gaya masa yadda ta yi asarar sha ɗaya, ba ta ɓoye ba, ba ta ɗora wa kogi ba. Ya tambayi Kamila, wadda ke tsaye gefe, ko wurin zai rayu. Ta ce zai rayu in dai akwai mai zuwa kullum, don zane ba ya cire shara a bakin kwata. Abdulganiyyu ya ce zai yi wa sauran 'yan'uwa bayani. Maganar sayarwa ba ta sake tasowa ba.

Ba a sake gina katangar ba. Bagaruwa ta girma ta yi ƙaya, akuya ba ta ratsa ta. Masu wucewa suna leƙowa kamar yadda Falmata ta ji tsoro, sai dai ta lura yawancinsu sallama suke yi su tambayi sunan itace. Daga nan ta fara barin malaman firamare su kawo ɗalibai ranar Alhamis. Masu son yin biki a ciki kuwa, da kiɗa da rumfuna, Kamila ta ce za a iya ware musu gefe, Falmata ta ce a'a, har yau kuma a kan a'a ɗin take. Kamila ta rage zuwa, sau biyu a shekara yanzu, kafin damina da bayanta. Duk zuwan da ta yi sai sun yi musu a kan wani abu, sannan su ci shinkafa da kifi a kwano ɗaya.

Tafkin ya zo da nasa aikin. Bara sai ga kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye rafukan yankin, ta ɓullo a gefensa. Kafin wata uku ta rufe rabin ruwan, tsuntsaye jan-baki masu cin shinkafa suka samu wurin kwana, mai gonar shinkafa na maƙwabtaka ya zo ya yi ƙorafi, da gaskiyarsa kuma. Falmata ta ba shi haƙuri, ta ce ya ba ta mako biyu. Ta kira Kamila, wadda ta ce ƙonawa ba ta kashe ta, sai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, in ta tsiro a sake, har sau uku ko huɗu, sai saiwar ta shaƙe.

Ta nemi masunta huɗu da suka saba shiga ruwa da lauje. Ranar da suka fara, Ba Modu yana zaune a kujera a bakin tafkin, gwiwa ta hana shi komai sai ba da umarni. Babban masuntan ya dubi yawan ciyawar ya girgiza kai.

"Malama, wannan abar ba ta ƙarewa. Mun yi shekaru muna fama da ita a kogi. Ki yanke yau, wata mai zuwa ta dawo."

"Na ji," in ji Falmata. "Wata mai zuwa ranar goma ga wata kuna da aiki?"

Mutumin ya yi dariya ya ce babu. Ta ce to ya riƙe ranar, da ta watan bayansa. Suka shiga ruwa, ita kuma ta ɗauki manjagara ta fara jawo abin da suka yanke zuwa gaɓa, don a shanya shi kafin rana ta yi zafi.